Kafin Mu Zuba Kuɗinmu a Akwatin Lasifika

Maganar sayen kayan kiɗa ga ƙungiyar makaɗan makarantar nan ta yi nisa, kuma kuɗin daga harajin da kowannenmu ya biya za su fito. Saboda haka ko wanda bai taɓa riƙe jita ba yana da ta cewa. Masu jitarmu sun ƙwallafa rai a kan babban akwati mai rufaffen baya irin na Marshall, mai lasifika huɗu 'yan inci 12. Ni kuwa, a matsayina na ɗalibin lantarki a shekarar ƙarshe, ina ganin ƙarami mai buɗaɗɗen baya ne ya dace da mu.

Ga yadda abin yake. Lasifika gaba da baya take motsi: idan ta tura iska ta gaba, tana janye ta ne ta baya. In bayan akwatin a buɗe yake, sautin baya yakan zagayo ya haɗu da na gaba, su kashe wani ɓangare na juna, musamman amo mai kauri. Tsirkiya mafi kauri a jita tana bada Hertz 82, tsawon zangonta ya haura mita huɗu, don haka zagaye ƙaramin akwati ba komai ba ne a wurinta. Shi ya sa mai buɗaɗɗen baya ba ya dukan ƙirji sosai, amma yana watsa sauti ko'ina, ya bugi bango ya dawo ya cika ɗaki. Mai rufaffen baya kuwa yana tsare iskar a ciki, amonsa ya fi kauri da tsauri, sai dai gaba kawai yake harbawa kamar hasken tocila.

To, a ina muke kiɗa? A zauren taro, a ɗakin lacca, wani lokaci a falon hostel. Ba mu da lasifikar dandamali mai mayar wa makaɗa sautinsu. Mai ganga yana zaune ne a baya. Ka ajiye rufaffen akwati a gabansa, ba zai ji jita ba, alhali 'yan layin farko kunnensu na neman fashewa. Sai mai jita ya ƙara murya, mai ganga ya ƙara duka, mawaƙi ya nutse. Wannan ba kiɗa ba ne, kasuwa ce.

Mu tuna fa yadda babban akwatin nan ya yi tashe. A Ingila, wajajen 1965, Pete Townshend na ƙungiyar The Who ya nemi Jim Marshall ya haɗa masa abin da zai cika manyan zaure, a zamanin da amfilifayar jita ita kaɗai ke kai sauti ga jama'a. Mu ba mu da wannan matsalar. A ɗaya ɓangaren, Vox AC30 da Beatles suka yi amfani da shi da kuma Fender Twin Reverb duk bayansu a buɗe yake, kuma ba wanda ya ce sautinsu bai isa ba.

Sai batun nauyi. Akwati mai lasifika huɗu ya haura kilo 30, kuma sai an sayi kan amfilifaya daban, an tabbatar ohm ɗinsu ya dace, in ba haka ba a ƙona kaya. Wa zai riƙa ɗora shi a Keke Napep duk ranar gwaji?

Na san hujjojin ɗaya ɓangaren, kuma ba na banza ba ne. A fili, kamar makon ɗalibai, babu bangon da zai dawo da sautin baya, a nan rufaffen ya fi. Amma ranar ai hayar manyan lasifiku muke yi. A sa makirfo a gaban ƙaramin akwatin, shi ke nan. Ba a sayen raƙumi don tafiyar kwana ɗaya a shekara. Ƙurar hunturu ma gaskiya ce, buɗaɗɗen baya yana kwasar ta, har ɓeraye kan samu masauki. Maganinta riga ce da tela zai ɗinka. Buɗewar kuma tana shigar wa amfilifaya iska, abin da za mu gode masa a zafin Afrilu.

Shawarata ga shugabanninmu: kada a biya ko kwabo sai an aro iri biyun an gwada su a zaurenmu, tare da ganga da mawaƙi. Wani ya tsaya a layin ƙarshe, wani a gefe, a kuma tambayi mai ganga abin da yake ji. Ragowar kuɗin a sayi makirfo mai kyau da sitabilaiza, don wutar nan tamu ba ta da alƙawari. Mu za mu tafi nan da 'yan watanni, ƙannenmu ne za su zauna da abin da muka zaɓa.