Mai Son Kotonsa Ba Ya Zuba Wa Kogi Guba

Sau da yawa mutanenmu kan yi dariya idan suka ji cewa a Turai da Amurka akwai dattawan da ke ajiye koton kamun kifi cikin akwati shekara da shekaru, suna goge shi, suna ba da labarinsa, har su bar wa 'ya'yansu gado. A ganina wannan ba abin dariya ba ne, akwai ma abin da ya shafe mu a cikinsa.

Koton da ake magana ba tana ba ce, ɗan kifin ƙarya ne na katako ko na ƙarfe, mai ƙugiyoyi a jikinsa. Wanda ya fi suna shi ne Rapala, wanda wani talakan masunci na ƙasar Finland, Lauri Rapala, ya fara sassaƙawa a 1936. Mutumin nan ya daɗe yana lura da tafkin da yake su, har ya gane cewa idan ƙananan kifaye suna tafiya tare, babban kifi ba ya kai wa kowa hari sai mai rauni, wato wanda ke tangaɗi. Sai ya fere ɓawon itace mara nauyi da wuƙa, ya naɗe shi da takarda mai ƙyalli irin ta cakulan, ya narka fim ɗin hoto ya shafe shi don kada ya jiƙe. Ya yi ta gyara har abin ya riƙa tangaɗi tamkar kifi mai ciwo. A 1962 mujallar Life ta Amurka ta buga labarinsa, daga nan masu saye suka fi ƙarfin masu yi.

Ba kuɗi ne suka yi wannan koto ba, sanin halin kifi ne. Masuntanmu kuwa, Sarkawan Argungu da na Yawuri, ba a bar su a baya ba wajen wannan ilmi. Sun san tarwaɗa da sansane take neman abinci a ƙasan ruwa, shi ya sa ake sa mata tana ko hanjin kaza, wani lokaci har da guntun sabulu. Giwan ruwa kuwa sai abu mai motsi. Tsage shi ne mai datse zare da haƙoransa, ya bar mutum da sanda a hannu. Duk wanda ya taɓa yin fatsa yana yaro, ya zuba wa ɗan karan nan ido har ya nutse, to, ba zai manta ranar ba, balle wanda ya koya masa sa tana a ƙugiya.

Amma fa fatsa sai da kifi a ruwa. Shekaru da yawa wasu marasa imani sun riƙa zuba Gamalin 20, maganin ƙwarin koko, cikin koguna, ya kashe babba da ƙarami, a kwashe a kai wa jama'a kasuwa. Doka mai lamba 108 ta 1992 ta haramta su da guba, da nakiya, da lantarki, amma doka a takarda ba ta tsaron gulbi da dare. Ga kuma masu mayar da gidan sauro taru, suna kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Mai fatsa ɗaya-ɗaya yake kamawa, kuma yana so ya dawo baɗi ya tarar da kifi, saboda haka shi ne zai fara kai ƙara in ya ga ana ɓarna.

Don haka ina kira ga hukumomin ilmi da su bar makarantun da ke kusa da madatsun ruwa irin su Tiga da Kainji su kafa ƙungiyoyin fatsa, a gayyaci Sarkin Ruwa na yankin ya nuna wa ɗalibai koton kowane kifi da lokacin da ba a kamu. Ma'aikatan gandun daji da na kifi su ma su riƙa halarta. Abin da za a kashe bai wuce kuɗin zare da ƙugiya ba, tana kuwa a bakin ruwan ake tono ta.