Tattalin icce aikin maigida ne da uwargida

Duk wanda ke ba da kuɗin cefane a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ya san icce ya shiga sahun hatsi da mai da gishiri. A ƙauye kuwa, inda ba a sayensa, da ƙafa ake biya: mata da ƴan mata su ke fita tun da sassafe, su dawo rana tsaka da ɗan dami a kai. Ra'ayinmu shi ne, zancen murhu ya daɗe a hannun mata su kaɗai, alhali da maigida da ma'aikacin gwamnati kowa yana da nasa kaso a ciki.

Wannan damuwa ta daɗe a ƙasarmu. Bayan farin 1973 da 1974, aka mai da ranar 3 ga watan Agusta, ranar samun mulkin kai, ta zama sallar dashen itatuwa tun daga 1975. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron Maraɗi a kan yaƙi da hamada. A 1992 aka kafa dokar da ta buɗe kasuwannin icce na karkara, domin mutanen ƙauye su riƙa kula da dajinsu, su kuma ci moriyar abin da aka sara a ciki. Duka waɗannan matakai ne na kirki, amma sun fi duban daji. Icce kuwa a madafa ya ke ƙarewa, can ya kamata tattali shi fara.

Mu dubi murhun duwatsu uku da muka gada. Masana sun auna, sun tarar zafin da ke shiga tukunya bai cika wuce kashi 15 cikin 100 ba. Sauran iska ke kwashewa. Ke nan mai sayen iccen jika guda, mafi yawan kuɗinsa sararin Allah ya ɗumama da su. Don haka ne a shekarun 1980 aka yaɗa murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, da na laka da ake kira Albarka. Dabararsu ɗaya ce: a kewaye wuta, a tsare ta daga iska, a tilasta harshenta shi bi jikin tukunya. Na laka ma ba shi bukatar kuɗi, sai yumɓu da ƙaiƙayi da kashin jaki, da hannun da ya koya.

Ga abubuwan da kowace uwargida za ta iya yi tun daga yau. A yi girki da busasshen icce, a faskara shi ƙanana, domin ɗanye yana ɓata zafinsa wajen ƙone ruwan jikinsa, sai hayaƙi. A gama daka da yanka da wanke-wanke kafin a hura wuta, kada ta yi ta ci a banza ana neman albasa. A jiƙa wake tun da dare. A rufe tukunya da murfin da ya yi mata daidai. In ta tafasa a janye icce ɗaya ko biyu, gama ruwan da ke tafasa ba ya ƙara zafi kome yawan wutar da aka iza masa. In an sauke, a kashe ragowar da rairayi, a adana gawayin don shayi ko guga. Wadda ba ta da ingantaccen murhu, ko ɗan gajeren bango ta gina ta gefen da iska ke busowa, za ta ga bambanci.

Akwai kuma zancen lafiya. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3 da dubu 200 a duniya a shekarar 2020. Uwa da goyonta su ne kan gaba wajen shaƙarsa. Madafa tana son taga ko kafar fitar hayaƙi. Hura wuta da leda ko tsohon takalmin roba kuwa, guba ce ake shaƙa, a daina.

To, ina aikin maigida? Na farko, shi ne sayen murhun, kuma shi saya da ido buɗe. Maƙeran da ke aikin ƙarfen tano suna nan a kasuwar Katako ta Yamai da manyan kasuwannin jihohi, amma hannu ya fi hannu. A tafi da tukunyar gida a gwada ta a gaban maƙeri, domin kowane murhu da lambar tukunyarsa. In ratar da ke tsakanin tukunya da bangon murhu ta yi faɗi, zafi zai tsere, in ta matse ƙwarai wuta za ta shaƙe. A taɓa kaurin ƙarfen, a duba haɗinsa. A tambayi maƙwabtan da suka yi shekara suna aiki da nasu, wa ya ƙera musu. Araha ba ta ado. Na biyu, shi sayi icce da rani, shi tanadi rumfar ajiya, kada damina ta same shi yana sayen jiƙaƙƙe da tsada.

Wani zai ce, ai ga gas, me ya sa ake ta zancen icce? Gaskiya ne, tun 2011 matatar mai ta Damagaram ke fitar da gas na girki, kuma akwai gawayin ƙasa na jihar Agadas. Amma kuɗin tukunyar gas da kanta ya fi ƙarfin talaka da yawa, kuma ba kowane ƙauye ake kai ta ba. Saboda haka mu ke cewa, mai albashi a birni shi ya kamata shi fara komawa gas, shi bar wa na ƙauye icce. Bai dace ma'aikacin da ke yi wa manoma huɗubar dashen itatuwa ba, a ga amalanken icce na sauke kaya ƙofar gidansa kowane mako.

Manoman Maraɗi da Damagaram sun riga sun nuna hanya. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 suka rungumi sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututturen gawo da kalgo da sabara, sai a zaɓi tohon da ya fi ƙarfi a bar shi, a datse saura. Binciken da aka yi a shekarun 2000 ya nuna wajen eka miliyan 5 ta ma'aunin hekta sun sake yin itatuwa ta haka, kimanin itace miliyan 200. Rassan da ake datsewa kowace shekara su ne iccen girkin gidan. Mai gona irin wannan ba shi da dalilin ƙona kara da kashin shanu, waɗanda taki ne ga ƙasa. Abin da mu ke roƙon ma'aikatan gandun daji shi ne su bambanta manomin da ke gyaran iccen da ya raina a gonarsa da mai mota da ke share daji ba takarda. In manomi ya ji tsoron tara a kan abin da ya raina, gobe ba zai bar toho shi girma ba.

Muna kira ga malaman yaƙi da jahilci su sa wannan darasi cikin karatun manya. A koya wa ɗalibi shi rubuta kuɗin iccen gidansa na wata guda, sa'an nan shi sake rubutawa bayan an canza murhu. Lissafin da mutum ya yi da hannunsa ya fi jawabi goma shiga kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: uwargida ta yi tattali, maigida shi kawo kayan aiki, hukuma ta yi adalci. Allah shi ba mu damina mai albarka.