Zancen Aljihu: Riba Tun Wurin Saye Take

Bara ƙanwar matata ta kwashi adashinta, ta ce za ta shiga gwanjon intanet, watau a sa hoton kaya a waya, mutane su yi ta tayawa, wanda tayinsa ya fi tsoka ya ɗauka. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta sayi dila guda ta tufafi a ɗaure. Da aka kwance, kusan rabi manyan rigunan sanyi ne irin na Turai, ga kuwa bazara ta kama. Har yau suna ƙarƙashin gado. Kuɗin nan kuwa na makarantar 'ya'yanta ne.

Kuskurenta ba a wurin sayarwa yake ba, a wurin saye yake. Domin kada wani ya sake faɗawa ramin nan, ga shawarata ga mai farawa.

Da fari, fara da abin da ke cikin gidanka: takalman da suka matse yara, tsohuwar waya, tukunyar da ba a girki da ita. Kada ka raina su. Sa'ad da Pierre Omidyar ya buɗe gwanjon da ya zama eBay a Amurka a shekarar 1995, cikin abubuwan farko da ya sayar har da wata 'yar fitilar nuni wadda ta lalace, aka saye ta dala 14 da santi 83. Da kayan gida za ka koyi ɗaukar hoto da yin ciniki ba tare da ka taɓa jari ba.

Na biyu, in za ka shiga kasuwa, kada ka sayi dila. Je Kasuwar Barci a Kaduna, ko Ƙofar Wambai a Kano, ko Katako a Jos, ka tambayi ranar da ake kwance dila. Ka yi sammako, ka zaɓi guda goma da hannunka, ka duba wuya da hammata da zif. Dillali zai ƙara maka kuɗi kaɗan saboda zaɓen, amma ka ga abin da ka saya. Ka tsaya kan kaya iri ɗaya, kamar tufafin yara, har idonka ya san su.

Na uku, kafin ka biya, duba Jiji ko Facebook ka ga nawa ake sa wa irin kayan. Sa'an nan ka yi lissafi kamar ɗan aji huɗu. A misali: riga naira 2,000, wanki da guga 200, rabonta na kuɗin mota 300, data 100. Ta tsaya maka 2,600 ke nan. Kada ka buɗe tayi ƙasa da haka, gama wata rana mutum ɗaya kaɗai zai taya.

Na huɗu, yi hankali da araha mai yawa. Gaskiya ne Hukumar Kwastan ta buɗe gwanjonta na intanet a 2017, amma macuta sukan ari sunanta, su ce ka tura kuɗi asusun wani a ba ka mota ko shinkafa. Araha ba ta ado. Kayan da ba ka san asalinsu ba kuma, musamman waya, ka bar su, don kada ka kwana wurin 'yan sanda.

Daga ƙarshe, in riga tana da tabo, nuna tabon a hoto. Wanda ka gaya wa gaskiya zai komo, ya kawo maƙwabcinsa.

Ƙanwar tawa ta sake farawa da rigunan yara goma sha biyu. Na sanyin kuwa, tana jiran hunturu. Sai wata mai zuwa.