Yaron Kirki Ne, To Amma Me Zai Kai Zauren Majalisa?



Makon da ya wuce goggona da ke aure a ƙasar Illo, cikin ƙaramar hukumar Bagudo, ta kira ni da daddare muryarta cike da murna. Wai ɗan maƙwabtansu, yaron da ta sha goyawa yana jariri, zai nemi kujerar majalisar dokokin jihar Kebbi a 2027. Bai cika shekara talatin ba. Ya sauke Alƙur'ani, ya yi digiri, ba ya wuce dattijo bai rusuna ba, kuma ba a taɓa jin sa da wata fitina ba. Matan unguwa har sun fara maganar anko. Abu biyu yake faɗa duk inda ya zauna: zai tsare tarbiyya da addini da al'adar iyaye, kuma zai sa a sassauta wa mutanen bakin iyaka wahalar boda.

Na taya ta murna, don ni ma ina son ganin irin waɗannan yara a gaba. Amma da na tambaye ta wace doka yake son ya kai, ko wane aiki zai nema a sa wa yankinsu a kasafin kuɗi, sai ta yi shiru, daga baya ta ce ai yaron kirki ne. Na san ke ma uwargida akwai irin wannan yaro a unguwarku, a Kaoje kike, ko Zagga, ko Kano, shi ya sa na ga ya dace mu tattauna.

Ƙuruciyarsa dai ba laifi ba ce a doka. Tun ranar 31 ga Mayu, 2018, da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin da matasa suka daɗe suna fafutuka a kai, aka sauke shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. An kuma ga tasirin hakan a 2023. A jihar Kwara, Rukayat Shittu ta shiga majalisar jiha tana da shekara 26. A nan Kebbi, Ibrahim Bello Mohammed ya ci kujerar majalisar wakilai ta Birnin Kebbi, Kalgo da Bunza bai kai talatin ba, bayan rasuwar yayansa wanda shi ne ɗan takarar tun farko. Sai dai ki lura, mahaifinsa Dokta Bello Haliru Mohammed tsohon minista ne, tsohon shugaban hukumar kwastan. Doka ta buɗe ƙofa, amma kuɗin fom da na kamfe ba su sauka tare da shekarun ba. Saboda haka idan ɗan talaka ya fito, tambayar farko ita ce wa ke ɗaukar nauyinsa, don wanda ya biya kuɗin mota shi ke faɗin inda za a sauka.

Mu koma kan alƙawarin boda, don shi ne ya fi shiga zuciyar goggona. Wadda ba ta taɓa zama a can ba ba za ta gane ba. Daga Lolo ka taka kaɗan kana ƙasar Benin, hanyar Madekali zuwa babbar kasuwar Malanbil. Daga Tsamiya kuma hanya ta miƙe zuwa Segbana. Dangi ɗaya ne a ɓangarorin biyu, ana auratayya, ana zuwa suna da ta'aziyya, mace tana da naira a ɗaurin zane ɗaya, sefa a ɗayan. A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. A Nuwamba na shekarar kuma aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wanda hakan ya taɓa mai injin niƙa, da mai ban ruwan shinkafa a fadamar kogin Kwara, da ɗan kabu-kabun da zai kai mai naƙuda asibiti. Da aka fara buɗewa a Disamba 2020, iyakoki huɗu ne kawai, Seme da Illela da Maigatari da Mfum, babu ta Kebbi a ciki. Sai a Afrilu 2022 aka buɗe ta Kamba. Ba a gama farfaɗowa ba sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, takunkumin ECOWAS ya biyo baya, gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya ta tsaya cak.

To a duk wannan, babu mataki ko ɗaya da aka yanke a zauren majalisa da ke Birnin Kebbi. Kwastan, shige da fice, 'yan sanda, soja, duk tsarin mulkin 1999 ya sa su cikin jerin abubuwan da Abuja kaɗai ke yi wa doka. Ɗan majalisar jiha iyakarsa ya miƙe ya gabatar da ƙudirin roƙo, 'yan uwansa su amince, a aika da takarda. Wannan ba banza ba ne, ana so wani ya faɗi kukan mutane a inda za a rubuta shi. Amma roƙo ne, ba umarni ba. Mai kujerar da ta fi kusa da wannan magana shi ne ɗan majalisar wakilai na Bagudo da Suru, kujerar da Bello Kaoje ya ci a 2023, da kuma sanata. Duk yaron da ya ce miki zai buɗe boda daga majalisar jiha, ko dai bai karanta aikin da yake nema ba, ko kuma ya karanta yana fatan ke ba ki sani ba. Ni na fi kyautata wa ɗan maƙwabtan goggona zato, na ɗauka na farkon ne.

Alƙawarinsa na biyu, na tarbiyya da addini, shi ne wanda yake da iko a kai ƙwarai, kuma a nan nake so mu daɗe.

Majalisar Kebbi kujeru 24 ne, biyu daga ciki na Bagudo ne, Gabas da Yamma. A hannun waɗannan mutum 24 makarantar firamare da sakandaren jiha suke, da asibitin sha-ka-tafi, da kotunan shari'ar Musulunci da jihar ta faɗaɗa aikinsu a 2000 zamanin Gwamna Adamu Aliero, da dokokin da suka shafi yara da iyali. Kin tuna dokar kare haƙƙin yara? Majalisar tarayya ta yi ta tun 2003, amma ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta yi tata. Jihohin Arewa suka daɗe suna ja da baya, galibi saboda batun shekara 18 da aure, da tsoron kada a shigo da abin da ya ci karo da shari'a. Kebbi sai a 2022 Gwamna Atiku Bagudu ya sa hannu a kan tata, tare da dokar hana cin zarafin mutane. Kano ma sai a 2023. Shekara 19 ke nan ana jira a Kebbi. Ba na cikin masu zagin 'yan majalisar da suka tsaya suka ce sai an duba kowane sashe da idon malamai, wannan haƙƙinsu ne, aikinsu ne ma. Abin da ke damuna shi ne, a waɗannan shekaru yaran da aka ci zarafinsu ba su tsaya jira ba, sun girma da abin a ransu. Ɗan majalisa mai riƙo da addini da ya san aikinsa zama yake da malamai da alƙalai ya gyara sashen da bai gamsu da shi ba, ya kawo nasa rubutun. Faɗin "ba mu yarda ba" kawai a koma mazauni, kowa ma zai iya.

Ga yadda nake auna irin wannan ɗan siyasa. Idan da gaske kunya da mutuncin mace yake karewa, zan gani a kasafin kuɗi. Magidanta nawa muka sani da ba sa barin matansu zuwa awo saboda namiji ne ke dubawa? Maganin wannan ba wa'azi ba ne kaɗai, ungozoma mace ce da aka horar, aka ba ta albashi da ɗakin kwana a asibitin ƙauye, don ta kwana a can ranar da naƙuda ta zo ƙarfe biyun dare. Iyaye nawa ke cire yarinya daga makaranta da ta gama aji shida saboda sakandaren tana da nisa, ko babu katanga, ko babu banɗakin mata, ko babu malama mace ko ɗaya? Bayan abin da ya faru a kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a Yuni 2021, wace uwa ce a Kebbi za a ce ta yi rashin hankali don ta ji tsoron makarantar kwana? Wanda ke cewa ba ya son 'ya'yanmu mata su yi talla a tasha da bakin boda, to ya nuna min layin da ya sa a kasafi na makarantar jeka-ka-dawo kusa da gida. Matar da aka saka da yara huɗu ba ciyarwa, da marayun da baffa ya danne musu gona, addini ya riga ya ba su haƙƙi. Abin da ya rage shi ne kotu mai alƙali da ma'aikata a kusa, wadda mace za ta iya zuwa ba sai ta sayar da akuyarta ta yi kuɗin mota ba.

Kuma wannan ba baƙon ra'ayi ba ne a ƙasar Gwandu, wadda Bagudo ke ƙarƙashinta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a littafinsa Nurul Albab ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru, tana tura jajis ƙauye-ƙauye suna koyar da matan aure a gidajensu. Duk wanda ya ce tafarkin magabata yake bi, ga tafarkin nan.

Yanzu ta yaya za ki san abin da ɗan majalisarki ya yi bayan ya shiga? Kada hoton rabon atamfa da buhun shinkafa a Facebook ya ruɗe ki. Alheri ne, Allah ya saka, amma ɗan kasuwa ma yana yi. Ki bambance abu biyu da ake kiransu da suna kusan ɗaya. Akwai ƙudirin roƙo, wanda ake karantawa a amince a rana ɗaya, gwamna ya ga dama ya yi, ya ga dama ya ajiye. Akwai kuma ƙudirin doka, wanda sai ya bi karatu na ɗaya, na biyu, ya je kwamiti, sau da yawa a kira jama'a su faɗi ra'ayi, ya dawo karatu na uku, sannan a kai wa gwamna. Gwamna yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na majalisa, wato mutum 16 a Kebbi, suna iya mayar da shi doka ba da shi ba. Idan wakilinku ya ce ya kawo ƙudiri goma, ki tambaya wane iri, kuma a wane mataki yake.

Haka kasafin kuɗi. Sa aiki a takarda daban, sakin kuɗinsa daban. Ana iya rubuta gyaran asibitin garinku shekara uku a jere ba a kai bulo ɗaya ba. Tsarin mulki ya ba majalisa ikon kiran kwamishina ta tambaye shi ina kuɗin suka shiga, kuma a nan ake gane mai ƙashin baya, musamman idan jam'iyyarsa ɗaya da gwamna. Sabon shiga mai shekara ashirin da 'yan kai, wanda manya suka tsayar, zai iya duban kwamishinan da ya haife shi ya ce Ranka ya daɗe, ba a yi aikin nan ba? Ladabin da muke yabonsa da shi a unguwa yana iya zama abin da zai rufe masa baki a zaure. Ana iya haɗa ladabi da faɗin gaskiya, amma sai an koya, kuma gara a tambaye shi tun yanzu.

Wata za ta ce in bai yi ba sai mu yi masa kiranye. Dokar tana nan, amma tana buƙatar sa hannun fiye da rabin duk masu rajistar zaɓe a mazaɓar, hukumar zaɓe ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada a kan Sanata Dino Melaye a Kogi a 2018, abin ya mutu tun a wajen tantance sa hannu. Kada mu dogara da wannan. Lokacin da muke da ƙarfi shi ne yanzu, da suke bin gidajen suna da walimar sauka suna gaishe mu.

Wani abin kuma, a majalisun jihohi da dama na Arewa maso Yamma babu mace ko ɗaya. Ma'ana maganar awo, da haihuwa, da yarinyar da ta fara al'ada a makarantar da ba banɗaki, sai dai namiji ya ɗauka ya kai, in an faɗa masa. Yaro mai kunya ba zai zo ya tambaye ki waɗannan ba. Ku ne za ku kira shi, ku 'yan adashi ko 'yan Islamiyyar dare, ku zaunar da shi a tsakar gida kamar ɗanku, ku faɗa masa a fili.

Haka na ce wa goggona. Kafin a yanki anko, su tara matan unguwa su kira shi, su bar maganar boda ga masu ita, su tambaye shi asibitin da ya fi kusa da su ungozoma nawa ke kwana a ciki, da kuma 'yan mata nawa daga unguwar suka wuce aji shida bara. In ya sani, alhamdulillahi. In bai sani ba, su ba shi mako biyu ya je ya ƙirgo ya dawo. Ta yi dariya ta ce ai kamar jarrabawa ce, amma za ta gaya wa uwar yaron da safe.

'Yan uwa na Bagudo, Kaoje, Illo, Lolo, Tsamiya da Zagga, ku rubuto mana a sashen sharhi: kun san sunan mai wakiltarku a Birnin Kebbi yanzu, kuma yaushe rabon da ya zauna da mata ba lokacin zaɓe ba? In goggo ta kira ni da sakamakon zamansu, zan kawo muku a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.