Jarrabawar Da Ba Ta Karɓar Hadda

'Yan'uwa ɗalibai, tun daga makarantar sakandare mun saba da wata ɗabi'a, wato mu tara tsofaffin tambayoyi mu haddace su cikin dare biyu, mu juye wa malami a takarda, sa'an nan mu manta. Abin takaici, wasunmu sun ɗauko wannan ɗabi'a sun kawo ta fagen neman takardar shaidar kula da kwamfutoci. Suna sayen tambayoyin sata a intanet suna bita kamar aku, alhali kuwa ba su taɓa ɗora Linux a kan na'ura da hannunsu ba.

To, bari mu dubi jarrabawar RHCSA, wadda kamfanin Red Hat na Amurka ya ɓullo da ita a 2010. A cikinta ba a ba mutum amsoshi huɗu ya canki ɗaya. Na'ura ake ajiye masa, a ce ya buɗe wa ma'aikata asusu, ya yanka faifan ajiya, ya tsara wanda zai karanta fayil da wanda za a hana, ya shiga na'urar da aka manta kalmar sirrinta. Babu intanet, babu littafi, sai bayanan da ke cikin manhajar kanta. Maki 210 cikin 300 ake nema. Abin da ya fi kayar da mutane kuwa shi ne, wajibi ne aikin ya tsaya daram bayan an kashe na'urar an sake kunna ta. Kuskuren harafi ɗaya a fayil ɗin da ke haɗa faifai yana iya hana ta tashi, dukan wahalar ta bi ruwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga shi kuma da dala ake biya. Tun da aka saki naira a 2023, faɗuwa ba ƙaramar asara ba ce ga ɗan talaka. Takardar ma shekara 3 take yi, sai an sabunta.

Mu a ganinmu wannan tsanani daidai ne. Ranar da uwar garken ma'aikata ta tsaya ana gobe biyan albashi, babban sakatare ba zai tambayi makin kowa ba, yayyenmu da suka fara aikin gwamnati shaida ne.

Kada kuma mu fake da rashin kayan aiki. Rocky Linux da AlmaLinux, waɗanda suka fito a 2021, kyauta ne, kuma kusan komai nasu irin na Red Hat ne. Tsohuwar kwamfuta ta isa. Saboda haka muna roƙon shugabannin ƙungiyarmu su nemi ɗaki guda, su roƙo mana na'urorin da ke shan ƙura a ofisoshi, domin kowace Asabar wani ya lalata ɗaya da gangan, wani kuma ya zauna ya gyara ta, ana duba masa agogo.