Kuɗin Jinyar Talaka a Kebbi: Nauyin Wa Ne a Shari'a?



Duk mai halartar jam'i a masallatan Birnin Kebbi ko Argungu ya saba ganin wannan. Liman ya sallame, ba a gama tasbihi ba, sai wani bawan Allah ya miƙe riƙe da takardar asibiti, ya ce iyalinsa na kwance, likita ya ce sai an yi aiki, kuma kuɗin da aka yanka masa ko gonarsa ya jinginar ba za ta biya ba. Jama'a su ba da abin da ya sawwaƙa, Allah Ya saka musu da alheri. Sai dai tambayar da ba a cika yi ba ita ce: wa Shari'a ta fara ɗora wa wannan nauyi kafin ya gangaro kan masallata?

Tambayar ta fi tsanani a nan jihar. Binciken ƙasa na shekarar 2021 ya nuna cewa kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran da aka gwada a Kebbi suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, adadin da babu jihar da ta kai shi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa aka fara allurar rigakafin cutar a Kebbi da Bayelsa a watan Disamba na 2024. Gulbin Kabi da fadamarsa su ne arzikinmu na shinkafa da kifi, su ne kuma matattarar sauro. A faɗin Najeriya kuwa, fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa.

Ra'ayina shi ne, wanda aka fara tambaya shi ne mai riƙe da baitulmali. Malam Abdullahi na Gwandu, wanda kabarinsa ke cikin wannan jiha, ya yi bayani a Liya'ul Hukkami kan inda dukiyar hukuma ke shigowa da inda ake kashe ta, kuma duk fahimtar magabatanmu ita ce shugaba wakili ne a kan dukiyar jama'a, ba mai ita ba. Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Kharaji cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsohon Bayahude yana bara, sai ya sa aka yanka masa abin masarufi daga baitulmali. Ke nan haƙƙin mai rauni a kan hukuma bai tsaya kan Musulmi ba. Ya haɗa da Kiristan Zuru kamar yadda ya haɗa da masuncin Matan Fada.

Hukumominmu ma sun amsa wannan nauyi da bakinsu. A Abuja aka taru a watan Afrilun 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma har yau Gwamnatin Tarayya ba ta kai wannan mizani ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na haɗaɗɗen kuɗin shigar tarayya domin lafiya matakin farko. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kason da jihohi ke karɓa daga Abuja ya ƙaru, shi kuwa talaka kuɗin motar da zai kai mara lafiya daga Argungu zuwa Birnin Kebbi ne ya ninka masa. Alkawari kaya ne, kuma wanda ya karɓi rarar shi ya fi cancantar ɗaukar nauyin.

To, idan baitulmali bai isa ba fa? Nan ne ake ta ja-in-ja kan hukumar KECHEMA ta jiha da dokar inshorar lafiya ta 2022 wadda ta wajabta wa kowa shiga. Wasu suna cewa inshora caca ce, ba ruwan Musulmi da ita. Maganar tana da tushe, amma ta yi faɗi da yawa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta rarrabe a 1985 tsakanin inshorar kasuwanci, wadda ta hana saboda garari, da ta taimakekeniya, wadda ta halatta domin ginshiƙinta kyauta ce. Asalinta kuwa sananne ne: Buhari da Muslim sun ruwaito yabon da Manzon Allah (SAW) ya yi wa Ash'arawa, waɗanda idan guzurinsu ya yi ƙaranci sai su tara abin da ya rage wuri guda su raba daidai. Mu ma da muka tashi muka ga gayya da adashi, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da ya kamata malamai su bincika shi ne a ina ake ajiye kuɗin asusun, shin ana juya su da riba, kuma idan an yi rara wa ke cin ta.

Batun wajabtawa shi ma malamai ba su bar shi ba. Imam Shaɗibi, Bamalike, ya yarda a Al-I'itisam cewa shugaba na iya ɗora wa mawadata wani abu idan baitulmali ya ƙare kuma buƙata ta matsa, da sharaɗin adalci da tsayawa gwargwadon larura. Sharaɗin nan shi ne zuciyar mas'alar. Lokacin da Tatar suka tunkaro Masar, Sarki Ƙuɗuz ya nemi fatawar karɓar kuɗi daga talakawa domin shirin yaƙi. Izzuddin ɗan Abdussalam ya amsa masa cewa hakan ba ya halatta sai baitulmali ya ƙare, kuma hakimai sun sayar da kayan ƙawarsu na zinariya sun daidaita da sauran jama'a. Wannan fa ana tsakiyar barazanar maƙiyi ke nan. Ina ga wanda zai yanki albashin malamin firamare da sunan asusun lafiya, alhali shi ko mura ta kama shi sai Alƙahira ko Indiya da kuɗin hukuma? A fara da rage ayarin motoci, a bayyana lissafi a fili, sannan a zo a ce wa manomi ya kawo nasa. Mutumin da ya biya kuɗin shekara, ya je asibiti aka rubuta masa takarda aka ce ya tafi kemis, ba wa'azin da zai sa ya sake biya.

Akwai kuma masu cewa a bar wa zakka komai. Wannan kuskure ne da ke yi wa masu mulki daɗi. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta iyakance masu cin zakka gida takwas, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ba a gina gini da ita. Zakka tana iya biya wa fakiri magani, tana iya sauke bashin da jinya ta jefa mutum a ciki, kamar yadda Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato ta daɗe tana taimaka wa majinyata marasa ƙarfi. Amma ba ita za ta biya albashin ungozoma ko ta sa wa asibiti wuta ba. Duk da haka, wa ya taɓa ƙididdige zakkar shinkafar da ake nomawa tsakanin Argungu, Augie da Suru? Duk wanda amfaninsa ya kai wusuƙi biyar, ushiri ne a kansa idan ruwan sama ko ambaliya ta shayar, rabin ushiri idan da injin ban ruwa ya sha wahala. Da ana tattara wannan bisa tsari ƙarƙashin masarautun Gwandu da Argungu, da masu miƙewa bayan sallah sun ragu ƙwarai.

Abin da ke iya gina asibiti shi ne waƙafi, kuma shi muka fi sakaci da shi. Asibitin Nuruddin Zanki na Dimashƙa a 1154 da na Mansuri wanda Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, da kuɗin waƙafi suka yi ƙarnuka suna jinyar mutane. Attajiranmu sun iya gina masallaci kusa da masallaci, amma da wuya ka ji wanda ya tsayar da kadada goma ta fadama ya ce amfaninta na ɗakin haihuwa ne har abada.

Ba zan wuce ba sai na taɓo cikin gida. Akwai mazan da ke fakewa da abin da ke cikin Mukhtasar na Shaihu Halil, cewa kuɗin magani ba ya cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji. Haka ne, wannan shi ne mashhurin zance. Amma littafin nan shi ne kuma ya ɗora wa miji ladan ungozoma, kuma Ibn Abdil Hakam, daga cikin manyan Malikiyya, yana ganin kuɗin likita ma nasa ne. A zamanin da awon ciki da ƙarin jini ke raba mace da mutuwa, tura ta gidan iyayenta domin ta kwanta ciwo ba ya cikin kyakkyawan zaman da Alƙur'ani ya yi umarni da shi.

Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammadu Mera, ya daɗe cikin jagorancin kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya matakin farko, don haka ƙofar da za a ƙwanƙwasa tana kusa. Roƙona shi ne majalisun masarautun biyu su tara malamai da likitoci da shugabannin manoma kafin kakar bana, a fitar da rajistar marasa ƙarfi gunduma-gunduma, a buɗe asusun waƙafin jinya wanda za a riƙa karanta lissafinsa a masallatan Juma'a, a kuma nemi gwamnatin jiha ta bayyana abin da ta saki wa kowace cibiyar lafiya a ƙananan hukumomi 21, ba abin da ta rubuta a kasafi kawai ba.