Mawaƙin da ba mu ciyar ba, wani ne zai saye bakinsa



Duk wanda ke shiga kasuwar Argungu ko tashar mota a Birnin Kebbi ya san rumfunan masu tura waƙa a waya. Ka miƙa memori, ka ba da 'yan canji, a cika maka shi da waƙoƙi. Daga nan kuma sai WhatsApp da Xender su ƙarasa aikin. Kafin la'asar waƙar ta kai Gulma, ta kai Kangiwa, ta tsallaka Dosso. Ina so mu tambayi kanmu: cikin wannan yawo da waƙar ta yi, nawa ya shiga aljihun yaron da ya rubuta ta, ya biya kuɗin sitidiyo, ya biya mai kiɗa? Ko sisi.

A da, makaɗi ya san inda abincinsa yake. Aliyu Dandawo da ɗansa Sani suna da fada, fada kuma ta san haƙƙinsu: riga, doki, hatsi. Da zamanin kaset ya zo, Shata da Dankwairo sun samu masu saye. Yanzu waya ta kashe kasuwar kaset da faifai, a wajenmu kuma ba ta kawo abin da ya maye gurbinsu ba. Abin da ya rage wa matashin mawaƙi shi ne ƙofar ɗan siyasa.

To, a nan ne abin ya shafe mu. Wanda ke jiran mutum ɗaya ya ba shi mota, ba zai iya gaya masa gaskiya ba. Yau ya wasa ka, gobe in an fi ka kyauta ya yi maka zambo da muryar nan dai. Mun ga ƙarfin waƙa a zaɓen 2015, lokacin da Masu Gudu Su Gudu ta Dauda Kahutu Rarara ta cika ƙasa. Mun kuma ga a 2020 Rarara ya nemi masoya su tura naira 1,000 kowannensu kafin ya saki waƙa. An yi ta ce-ce-ku-ce, amma darasin na nan: talakawa in sun haɗa hannu, suna iya ɗaukar nauyin mawaƙi.

Shawarata uku ce. Na farko, in mawaƙin Kabi yana da shafi a YouTube ko Audiomack, mu saurare shi a can, mu tura wa abokai adireshin shafin maimakon waƙar kanta. Ta haka ne ake ƙirga masu sauraro, ƙirgar nan kuma ita ke zama kuɗi. Na biyu, duk wanda ya yi wa tafiyarmu waƙa a biya shi a fili, bisa yarjejeniya, kada a bar shi da "Allah ya saka". Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta san da aikinsa, mu ma mu san da shi. Na uku, kada mu tura waƙar da ke zagin uwar wani ko uban wani, ko da abokin hamayya ne. Zambon dandali iska ke tafiya da shi, na waya kuwa jikoki za su tarar da shi, alhali gobe da mutanen nan za mu haɗu wurin biki da jana'iza.

A 2016 UNESCO ta sa bikin kamun kifi na Argungu cikin al'adun duniya da ya wajaba a kiyaye, kuma kowa ya san Matan Fada ba ta armashi sai da makaɗa. Garin da duniya ta san shi da haka, wallahi abin kunya ne mawaƙansa su riƙa kwana a ƙofar masu kuɗi.

Allah ya ba mu ikon gyarawa.